A sa wa bahon wanka riga cikin kwana ɗaya, ko a fasa banɗakin a sake shi?

Wata baiwar Allah da ke zaune a Amurka ta aiko da tambaya. Ita da maigidanta sun sayi gida ginin 1962, banɗaki ɗaya ne mai wurin wanka, yana sama, kicin yana ƙarƙashinsa. Bahon na ƙarfe ne, shafensa ya dushe, tsatsa ta zagaye bakin magudanar ruwa, simintin da ke tsakanin tayil ya yi baƙi, kuma tayil biyu na kusa da kan famfo suna motsi idan an taɓa. Wani kamfani ya ce zai ɗora musu rigar akirilik, wato rufin roba mai siffar bahon, a kan bahon da bangon, a gama cikin kwana ɗaya. Wani ɗan kwangila kuma ya ce a fasa komai, aikin mako uku. Ta ce wanne za ta ɗauka?

Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa gidan ya zama na alheri. Na daɗe ina aikin famfo da gyaran banɗaki, na ɗora irin wannan riga da hannuna, na kuma ɓamɓare wadda wasu suka ɗora. Cikin duk abin da kika lissafa, tayil biyun nan masu motsi ne suka tsaya mini a rai. Dushewar shafe da tsatsar bakin magudana ciwon fata ne. Tayil mai motsi kusa da famfo kuwa yana nufin ruwa ya riga ya shiga bayan bango, kuma riga ba ta da abin da za ta yi wa ruwan da ya riga ya shiga.

Bari in fara da yadda ake yin rigar, domin sanin hakan zai sauƙaƙa miki sauran bayanin. Ma'aikaci zai zo ya auna bahonki, ya ɗauki hotonsa, ya gane samfurinsa. Yawancin bahon da ke gidajen Amurka tsawonsa inci 60 ne, wajen santimita 152, faɗinsa inci 30 ko 32, amma lanƙwasar ciki da gangaren wurin jingina baya sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani, shi ya sa masu wannan sana'a suke tara ɗaruruwan mazubai na tsofaffin samfura. A masana'anta za a ɗauki fallen akirilik, wata roba ce mai tauri da sheƙi, kaurinsa kusan rubu'in inci, a gasa shi har ya yi laushi, a shimfiɗa a kan mazubin, a zuƙe iskar da ke ƙarƙashi har ya kama siffar bahon. Idan ya huce sai a yanke gefuna. Ki lura da abu ɗaya a nan: fallen yana miƙewa ne yayin da ake zuƙo shi, saboda haka a kusurwoyin ƙasa, inda ya fi shan ja, ya fi siranta. Kuma kwana ɗayan da ake faɗa na ɗorawa ne kaɗai. Tsakanin awo da isowar rigar akan yi makonni ana jira.

Ranar aiki za a cire murfin magudana da na ramin ambaliya, wato ramin nan na sama da ke hana baho cika ya zube. A wanke tsohon bahon, a goge shi da sinadari har ya bushe ƙarau, a shimfiɗa tef mai danƙo da gam, a sauke rigar a danna ta zauna. Sannan a mayar da magudana da wata mahaɗa mai ɗan tsawo, a manna fallayen bango a kan tsohon tayil, a bi duk gaɓoɓi da silikon, wato gam ɗin nan mai laushi da ke hana ruwa shiga. Washegari, idan silikon ya kama, sai wanka. Babu ƙura, babu tarkace, ba a taɓa daɓe ba.

Ba na raina wannan aiki. Akwai gidajen da shi ne daidai. Baho na ƙarfen zubi yana iya kai kilo 130 ko fiye, fitar da shi daga bene sai an farfasa shi da guduma, kuma idan ƙarfen lafiyarsa lau, bangon a bushe yake, fayif ɗin sababbi ne, to fasa shi ɓarna ce. Haka gidan da ke da tsoho ko marar lafiya wanda ba zai jure makonni babu wurin wanka ba, ko gidan haya da ake so a gyara tsakanin fitar wani da shigar wani. Akirilik ba ya da sanyi a jiki irin na ƙarfe, ba shi da layukan siminti da za su yi baƙi, wankinsa da sauƙi. Idan awo ya yi daidai kuma mai ɗorawa ya san aikinsa, rigar tana yin shekaru masu yawa.

Matsalar tana cikin tsarin kansa. Kin samu baho biyu, ɗaya cikin ɗaya, da siririn fili a tsakaninsu wanda ba ya da ƙofa kuma iska ba ta ratsa shi. Abin da ke tsare wannan fili daga ruwa wurare uku ne: zoben magudana, zoben ramin ambaliya, da layin silikon inda baho ya haɗu da bango. Duk ukun abubuwa ne masu tsufa. Akirilik yana buɗewa idan ya ji ruwan zafi, ya koma idan ya huce, fiye da yadda ƙarfen da ke ƙarƙashinsa yake yi, ga nauyin mutum yana hawa yana sauka kullum. Wannan motsi kaɗan-kaɗan shi ke cin gaɓoɓin. Ranar da ɗaya ya buɗe, ruwa zai shiga, kuma ba shi da hanyar fita. Alamarsa ba ta ɓuya: za ki taka ƙasan baho ki ji yana lotsawa, ki ji ƙarar ruwa a ƙarƙashin ƙafarki, daga baya wari ya biyo.

Na taɓa cire wata riga da ba ta fi shekara huɗu da ɗorawa ba. Masu gidan sun kira ni ne saboda tabo a silin ɗin ɗakin ƙasa. Da muka yanka rigar, baƙin ruwa ne kwance a tsakani, tsohon bahon na fallen ƙarfe ne, tsatsa ta huda shi a gefen magudana. Da muka ɓamɓare fallen bango, allon da ke bayan tayil ya zama kamar jiƙaƙƙen kwali, hannu kawai na sa ya zube, katakon da ke riƙe da bangon biyu sun ruɓe daga ƙasa. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne matar gidan ta gaya mini cewa tun kafin a ɗora rigar tayil ɗin wurin yana motsi, ta nuna wa mai awo, ya ce fallen zai rufe. Ya rufe ɗin kuwa. Kitso aka yi da ƙwarƙwata, suka biya kuɗin riga, suka dawo suka biya kuɗin fasawa, har da na silin da ba ya cikin lissafi tun farko.

Saboda haka kafin ki sa hannu a kowace takarda, ki yi wa banɗakin bincike. Mafi yawansa za ki iya da kanki.

Ki ɗauki ƙotar sukudireba ki bi tayil ɗin kina ƙwanƙwasawa, musamman layuka uku na ƙasa da kewayen famfo. Tayil mai lafiya ƙararsa a cike take, wanda ya rabu da bango yana amsawa kamar ganga. Ki sa tafin hannu ki danna bangon, idan ya ba da kai ko kaɗan, abin da ke baya ya lalace. Ki taka daɓe a gindin baho da kewayen tukunyar masai, ki ji ko yana lotsawa. Ki sauka kicin ki duba silin da fitila, kina neman tabo mai ruwan ƙasa ko fenti da ya kumbura. Gidaje da yawa na wancan zamani suna da 'yar ƙofa a bayan bangon famfo, sau da yawa cikin kabad na ɗakin da ke maƙwabtaka. Idan akwai, ki buɗe ki haska, ki shinshina. Hanci yakan riga ido gano danshi.

Daga nan sai gwajin ruwa, kuma a rarrabe ake yin sa domin a san ta ina yoyon yake. Ki toshe baho ki zuba ruwa da bokiti zuwa ƙasa da ramin ambaliya kaɗan, ba tare da kin buɗe shawa ba, ki bar shi awa ɗaya wani yana kallon ƙasa. Idan ya ɗiga, zoben magudana ne ko jikin bahon. Ki ƙara ruwa har ya shiga ramin ambaliya, ki sake dubawa. Ki saki ruwan gaba ɗaya, idan sai a lokacin ya ɗiga, fayif ɗin fitar ruwa ne. A ƙarshe ki buɗe shawa ki karkata ta kan bangon na minti goma. Idan sai yanzu ruwa ya bayyana, bango ne ke sha. Mai gyaran famfo zai ƙara da na'urar auna danshi, kuma kuɗin zuwansa na awa ɗaya bai kai komai ba a kan abin da ake shirin kashewa. Ki nemi wanda ba shi da abin da zai sayar miki a cikin zaɓi biyun.

Ki kuma manna maganaɗisu a jikin bahon. Idan ya kama, ƙarfe ne, na zubi ko na falle, kuma a kan irinsu ake ɗora riga. Idan bai kama ba, faiba ce ko roba, ita kanta tana lanƙwasa, kuma ba na ba kowa shawarar ya ɗora riga a kanta.

Yanzu shekarar ginin, 1962. Wannan lamba tana gaya mini abubuwa da dama. A lokacin ana tsakiyar sauyawa daga fayif ɗin ƙarfe mai shafen zinki zuwa na jan ƙarfe, don haka gidanki yana iya zama da kowanne. Na ƙarfen yana tsatsa ne daga ciki, ramin yana ƙanƙancewa, ƙarfin ruwa yana raguwa, kuma idan an kwana biyu ba a buɗe famfo ba ruwan farko yakan fito ja. Wanda ya haura shekara 60 ya ci lokacinsa. Kan famfon shawa na wancan zamani ma ba shi da abin da ke daidaita zafi, shi ya sa idan wani ya ja ruwan masai mai wanka yake jin ruwa ya ƙone shi. Na yanzu suna riƙe ma'aunin, kuma ana saita su kada zafin ya wuce digiri 120 a ma'aunin Faranhait, wajen 49 a na Salshiyos. Idan da yara ko tsofaffi a gidan wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ana iya canja kan famfon a ranar ɗora riga, masu kirki suna yi, amma sauran fayif ɗin da ke cikin bango da ƙarƙashin daɓe suna nan yadda suke. Ranar da ɗaya ya fashe, sabon fallen ne za a yanka a kai gare shi.

Fasawar ma tana da nata nauyin, kada ki ɗauka ina tura ki can ido rufe. Gidan da aka gina kafin 1978 a Amurka ana ɗaukarsa a matsayin mai yiwuwar fentin dalma, domin a shekarar aka hana amfani da shi a gidaje. Tun 2010 dokar hukumar kare muhalli ta ƙasar ta wajabta wa ɗan kwangilar da zai taɓa fenti a irin wannan gida ya kasance da takardar shaidar horo, ya killace wurin, ya kwashe ƙurar yadda ya kamata. Ki nemi ganin takardar. Tsohon tayil ɗin roba na daɓe da baƙin gam ɗin da ke ƙarƙashinsa kuma suna iya ƙunsar asbestos, wanda ƙurarsa ke lalata huhu, don haka a kai samfuri ɗakin gwaji kafin a ɗaga guduma. A nan riga tana da hujja ta gaskiya, tunda ba ta tayar da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Sannan mako ukun da aka ce miki, ki sa a ranki zai iya zama huɗu ko biyar. Ana jiran jami'in duba gini ya zo ya ga fayif da wayoyi kafin a rufe bango, ana jiran kaya, kuma ba a san abin da ke bayan bango ba sai an buɗe. Ki ware wani abu a gefe saboda abin da za a tarar.

Abin da kike samu a madadin wannan wahala shi ne a ga komai da ido. A canja ruɓaɓɓen katako, a sa sabon fayif, a sa soket mai yanke wuta da kansa idan wutar ta kauce ta bi ruwa ko jikin mutum, wanda dokar lantarki ta Amurka ta wajabta a banɗaki tun 1975, bayan an gina gidanki. A sa fankar zuƙe tururi wadda bututunta ya fita waje, ba wadda ke huce wa cikin rufi ba. A kafa katako mai kauri a cikin bango inda za a ɗaura ƙarfen dafawa, ko ba yau za a ɗaura ba, domin ana son ƙarfen ya ɗauki nauyin fam 250, wajen kilo 113, kuma fallen roba a kan tsohon tayil ba zai ba shi wannan ƙarfi ba sai an samu katako a baya. Idan kina son a cire baho a mayar da wurin shawa ta tsaye, ko a faɗaɗa ƙofa, ko a matsar da masai, duk wannan sai da fasawa.

Sai dai a kula, sabon tayil ma yana yoyo idan an yi shi da ganganci. Mutane da yawa suna zaton tayil da simintin tsakaninsa ne ke tare ruwa. Ba su ba ne, ruwa yana ratsa simintin. Allon siminti da ake sawa a baya shi ma ba ya ruɓewa ne kawai, amma ruwa yana wuce shi. Abin da ke tarewa shi ne shimfiɗar hana ruwa, ko ta shafawa ko ta mannawa, wadda ake yi kafin tayil. Ki tambayi ɗan kwangilarki wace iri zai sa, ki ce kina son ki gani da idonki kafin ya rufe. Idan ya ce koren allon jifsam, wato allon bango mai ɗan jure danshi, ya isa a cikin wurin wanka, ki nemi wani. Idan shawa ta tsaye za a gina, a toshe magudana a cika kaskon da ruwa ya kwana, awa 24, kafin a ɗora tayil ko ɗaya.

Akwai hanya ta uku da babu wanda ya kawo miki cikin mutanen biyu, kuma ita nake ganin ta fi dacewa da abin da kika bayyana. A fasa wurin wanka kaɗai. A cire tayil na bango ukun da ke kewaye da baho har a ga katako, a gyara abin da ya ruɓe, a canja kan famfo da fayif ɗin da hannu ya kai, a sa allo da shimfiɗar hana ruwa, sannan a rufe da sabon tayil ko ma da fallen akirilik ɗin, wanda a kan busasshen bango mai lafiya ba ni da wani ƙorafi a kansa. Daɓe da masai da wurin wanke hannu a bar su sai an samu hali. Wannan yakan ɗauki kwanaki ne zuwa mako guda, masai yana aiki duk tsawon lokacin, wanda ga mai banɗaki ɗaya babban sauƙi ne. Bahon kuma, idan na zubi ne kuma tsatsar ba ta ci ƙarfen ba, ana iya barinsa a sake masa shafe. Shafen feshi ba ya kai na asali ƙarko, bayan wasu shekaru zai nemi a sabunta, kuma aiki ne na ƙwararre mai abin rufe hanci da injin fitar da iska. Sinadarin da a da ake kankare tsohon shafe da shi, metilin kulorayid, ya kashe ma'aikata a cikin rufaffen banɗaki, har aka hana sayar da shi ga jama'a a Amurka a 2019. Kada maigida ya ce zai gwada da kansa. Idan kuwa bahon na falle ne kuma tsatsa ta yi zurfi, tunda bango a buɗe yake, lokacin fitar da shi ke nan.

In kuma bincike ya nuna bangon a bushe yake, tayil biyun gam ɗinsu ne kawai ya saki, kika zaɓi rigar, to ga abin da zan so ki tsaya a kai. A cire duk tayil mai motsi a cike gurbinsa kafin a manna falle. A kankare tsatsar bakin magudana a shafe ta. A canja kayan magudana da na ramin ambaliya gaba ɗaya, kada a ɗora sabo a kan tsohon zobe. Ki karanta garantin da kanki: kalmar "har abada" da ake faɗa da baki sau da yawa jikin akirilik ɗin take nufi, ki duba ko ta haɗa da silikon, da ruwan da ya shiga tsakani, da kuɗin aikin cirewa, da ko tana bin gidan idan kun sayar. Masu tallan irin wannan aiki sukan zo gida su ce ragin na yau ne kaɗai. Kada wannan ya ruɗe ki. Dokar tarayya ta ba mai saye kwana uku na aiki ya soke cinikin da aka ƙulla a cikin gidansa, kuma dole su ba ki takardar sokewar, amma gara ki ce su bar miki farashin a rubuce ki kwana a kansa.

Bayan an ɗora, ki sani cikin bahon zai ɗan ragu, ƙasansa zai ɗan tashi. Kada a wanke shi da garin goge tukunya ko soson ƙarfe, suna kashe sheƙin. Asiton, wato abin goge jan farce, yana cin akirilik. Tabarmar roba mai mannewa ma kamfanoni da yawa suna hana ta. Layin silikon kuma ki riƙa bin sa da ido duk 'yan watanni, da ya tsage ko ya ɗago a kankare a sake, kada a shafa sabo a kan tsoho.

Ki fara da 'yar ƙofar bayan famfo da tayil biyun nan. Tunda suna motsi, ki sa wuƙar fenti ki ɗaga ɗaya a hankali, ki danna abin da ke bayansa da yatsa. Idan da tauri kuma a bushe, ki kira masu rigar ku yi magana. Idan yatsanki ya shige, ko kika ga baƙi, ki rufe wurin da leda da tef, ku daina buɗe shawa ta wannan gefen, ki kira mai famfo a makon nan.